Tsohon magani, sabon aiki: tambayoyi da amsoshi kan ƙaiƙayin gaba na Candida

Mace uku cikin huɗu za ta gamu da wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarta. Ga mafi yawan mata, ƙwaya ɗaya ko man shafawa na 'yan kwanaki ya wadatar, an wuce wurin. Amma akwai waɗanda abin ya zame musu ƙarfen ƙafa: wannan watan lafiya lau, wata mai zuwa ya dawo. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya nuna mata kimanin miliyan 138 ne a duniya ke fama da irin wannan mai dawowa a kowace shekara. Saboda su ne masu bincike suka koma suna lalube cikin tsofaffin magunguna, ko za a dace da wanda aka yi don wata cuta daban amma yana da abin yi a nan.

Wane ciwo ake nufi? Shi ne wanda ake ce wa sanyi?

Kalmar sanyi babban buhu ce, an zuba cututtuka da yawa a ciki. Wanda muke magana a kai shi ne wanda wata ƙwayar fangas mai suna Candida ke haddasawa. Ba baƙuwa ba ce a jiki. Tana zaune a baki da hanji da farjin mata da yawa masu ƙoshin lafiya, ba ta tsokanar kowa. Sai ta samu sarari ta yi yawa, sannan ta canza siffa daga 'yan dunƙule zuwa dogayen zaruruwa masu huda fata, a nan ne ƙaiƙayi ke tashi, da raɗaɗi, da ja da kumburi, da zafi wajen fitsari ko saduwa, da farin ruwa mai kauri gudaji-gudaji wanda galibi ba ya wari.

Idan ruwan yana ƙarni, ko tsinkakke ne mai launin toka ko kore-kore, to hankali ya fi karkata ga bakteriya ko wata ƙwaya daban, kuma maganin fangas ba zai taɓa su ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an gwada mata 95 da suka sayi maganin Candida da kansu, sai aka tarar kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da Candida ita kaɗai. Sauran wani abu ne ke damunsu, ko kuma Candidar haɗe da wani abu.

Me ke tayar da ita?

Shan antibayotik, domin yana kashe bakteriyar kirki da ke tsare wurin. Juna biyu da duk abin da ke ɗaga sinadarin istrojin. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da wasu magungunan suga masu fitar da suga ta fitsari, irin su dapagliflozin da empagliflozin. Raunin garkuwar jiki. Sai dai yawancin matan da ciwon ke dawo musu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ba ƙazanta ce ta jawo musu ba. Yawan wanke ciki da sabulu ma ƙara tsananta lamarin yake yi.

Me ake nufi da ba tsohon magani sabon aiki?

Shi ne a ɗauki maganin da aka riga aka sani, aka san illolinsa da yadda hanta da ƙoda ke sarrafa shi, a gwada shi kan cutar da ba don ita aka yi shi ba. Ba sabon tunani ba ne. Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, don ciwon zuciya aka fara gwada shi. Minoxidil maganin hawan jini ne kafin ya zama na fito da gashi. Thalidomide, wanda ya nakasa dubban jarirai a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, ya dawo daga baya a matsayin maganin wata matsalar kuturta da wani nau'in sankarar ɓargo, ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa.

Ribar a fili take. Sabon magani daga tushe kan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya isa hannun majiyyaci, kuma mafi yawan waɗanda aka fara da su a hanya suke faɗuwa. Tsohon magani ya riga ya tsallake wasu daga cikin waɗannan matakai.

Ai akwai fluconazole da clotrimazole. Me ya rage kuma?

Suna aiki, kuma ga ciwon da ya zo sau ɗaya ba a bukatar wani abu bayansu. Fluconazole ƙwaya ɗaya mai miligiram 150, ko clotrimazole ko miconazole na cusawa, suna warkar da mafi yawan mata. Matsalar tana wurare uku.

Na farko, duk dangi ɗaya ne, kuma ƙofa ɗaya suke bi. Suna toshe hanyar da fangas ke ƙera wani kitse mai suna agostarol, wanda da shi yake gina fatarsa. Wannan yana hana Candida yaɗuwa, amma ba ya kashe ta ƙurmus. 'Yan kaɗan da suka rage sukan lafa, su jira.

Na biyu, ba Candida ɗaya ba ce. Candida albicans ce ke da mafi yawan laifin, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Amma Candida glabrata ba ta jin fluconazole sosai, Candida krusei kuwa tun asali ba ta jin sa sam. Ita kanta albicans, idan aka daɗe ana yi mata wanka da magani ɗaya, tana koyon dabara: ta ƙara yawan wasu 'yan famfuna a jikinta masu tofar da maganin waje, ko ta sauya siffar wurin da maganin ke kamawa.

Na uku shi ne dawowa. Idan ciwon ya zo sau uku ko fiye a shekara ɗaya, abin da aka saba yi shi ne a ɗora mace kan fluconazole sau ɗaya a mako har wata shida. Babban gwajin da aka wallafa a 2004 ya nuna kusan kashi 91 cikin ɗari sun zauna lafiya muddin suna sha. Wata shida bayan an daina, waɗanda ciwon bai dawo musu ba sun koma kashi 43. Wato fiye da rabi sun koma 'yar gidan jiya. Duk wanda ya taɓa sauraron macen da ta shekara tana wannan zagaye, ba barci, ba sakewa da miji, ga kunyar faɗa wa kowa, ya san cewa wannan adadi bai isa a ce an gama aiki ba.

Me ya hana a ƙera sababbi kawai?

Fangas ya fi bakteriya kama da mu. Ginin ƙwayar halittarsa da tamu tsari ɗaya ne, don haka abin da zai kashe shi sau da yawa yakan taɓa mu. Shi ya sa dangin magungunan fangas ba su da yawa idan aka kwatanta da na bakteriya. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na fangas masu hatsari, guda 19, ta sa Candida albicans a rukunin da ya fi bukatar kulawa.

An samu sababbi biyu a 'yan shekarun nan. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ibrexafungerp a 2021, sannan oteseconazole a 2022. Ci gaba ne na gaske, amma da sharaɗi mai nauyi. Dukansu ba a ba mai ciki. Oteseconazole kuwa yana daɗewa a jiki watanni, don haka ba a ba duk macen da za ta iya ɗaukar ciki, alhali matan da ke shekarun haihuwa su ne ciwon ya fi addaba. Ga tsada, ga rashin samuwa a ƙasashe da yawa.

Akwai tsohon maganin da tuni likitoci ke amfani da shi ta wannan hanya?

Akwai, kuma nan ne maganar ta fi tsayawa da ƙafafunta.

Boric acid tsohon sinadari ne da aka daɗe ana amfani da shi wajen tsabtace rauni. Yanzu yana cikin ƙa'idojin jinya na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ga Candidar da ba albicans ba idan ta ƙi jin magani: miligiram 600 a cikin kafso, a cusa a farji sau ɗaya a rana har mako uku. Yana kawar da ita a wajen kusan kashi 70 cikin ɗari. Amma guba ne idan aka haɗiye, yana iya kisa, kuma kafsonsa kamarsa ɗaya da na sha. Ba a ajiye shi inda hannun yaro zai kai, ba a ba mai ciki, ba a sa shi kan fatar da ta tsage.

Flucytosine labarinsa ya fi ban sha'awa. A 1957 aka haɗa shi da niyyar maganin sankara, bai yi abin kirki ba. Daga baya aka gano fangas na da wani sinadari da ƙwayoyin jikinmu ba su da shi, wanda ke juya flucytosine ya koma guba a cikin fangas ɗin kansa. Wato shi yake haɗiye abin, shi yake dafa wa kansa ajali. Yau ana haɗa shi ya zama man cusawa ga Candida glabrata mai taurin kai, wani lokaci tare da wani maganin fangas mai suna amphotericin B. Ba a daɗewa a kansa shi kaɗai, domin Candida na saurin sabawa da shi.

Akwai kuma gentian violet, ruwan nan mai launin shunayya wanda asalinsa rini ne. Yana da tasiri kan Candida, sai dai yana ɓata tufafi, yana iya ƙona fata, kuma wasu ƙasashe sun taƙaita amfani da shi saboda fargabar sankara.

Waɗanne ne ake gwadawa yanzu?

Masu bincike kan ɗauki tarin magunguna, wani lokaci fiye da dubu, su ɗiga kowanne kan Candida a ɗakin gwaji su ga wanda zai hana ta girma. Sunayen da ke yawan fitowa sun haɗa da auranofin, tsohon maganin amosanin gaɓɓai mai ɗauke da zinare. Niclosamide na tsutsar ciki, wanda ke hana Candida miƙewa ta zama zare. Miltefosine, wanda shi ma daga binciken sankara ya fito ya koma maganin wata cuta da ƙudan rairayi ke yaɗawa. Da magungunan rage kitse a jini irin su fluvastatin, waɗanda ke taɓa farkon hanyar ƙera agostarol.

Wasu kuma ba don su yi kisa da kansu ake duba su ba, sai don su taya fluconazole. An ga ibuprofen a ɗakin gwaji yana dawo da ƙarfin fluconazole kan Candidar da ta bijire, ta hanyar rage aikin famfunan nan masu tofar da magani. Tacrolimus da cyclosporine, waɗanda ake ba masu dashen ƙoda, suna mayar da fluconazole mai kisa maimakon mai dakatarwa kawai. Amma aikinsu na asali danne garkuwar jiki ne, kuma ba mai hankalin da zai danne garkuwar mace don ƙaiƙayi.

Duk waɗannan, a kwanon gwaji ko a jikin dabba aka ga tasirinsu. Babu ko ɗaya da ya zama maganin da aka amince da shi ga wannan ciwo.

Na ji an ce wani maganin ciwon damuwa yana hana shi dawowa. Gaskiya ne?

Sertraline ake nufi, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. A 2001 wasu likitoci suka ba da rahoton mata uku masu Candida mai dawowa, waɗanda aka ɗora kan sertraline saboda matsananciyar damuwa kafin al'ada. Muddin suna shan sa, ciwon bai dawo ba. Aka gwada a ɗakin gwaji, aka ga lallai yana taɓa Candida. Murna ta tashi.

Mata uku ba hujja ba ne, alama ce kawai ta inda za a duba. Babban gwajin da aka yi wa sertraline a matsayin maganin fangas ba a kan farji aka yi shi ba, a kan sanƙarau ne na wani fangas daban mai kama masu ƙanjamau, a ƙasar Yuganda. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai rage mace-mace ba, har aka tsayar da gwajin kafin lokaci. Tamoxifen, maganin sankarar mama, shi ma ya yi kyau a kwano, aka gwada shi kan wannan sanƙarau a Biyetnam, bai ƙara komai ba. Wannan bai rufe ƙofa ga farji ba, tunda cuta daban ce kuma wuri daban. Amma ya nuna irin nisan da ke tsakanin kwano da mutum.

Me ya sa abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji yake gazawa a jiki?

Yawa shi ne na farko. Adadin maganin da ke kashe Candida a kwano sau da yawa ya ninka abin da jini zai iya ɗauka ba tare da cutarwa ba. A nan farji yana da wata dama da sauran gaɓɓai ba su da ita: ana iya kai maganin wurin kai tsaye, a matsayin mai ko na cusawa, ya taru da yawa a inda ake bukata ba tare da ya zagaya jiki duka ba. A ganina wannan ne dalili mafi ƙarfi na sa rai a wannan fanni. Sai dai da zarar an canza hanya daga baki zuwa farji, dole a sake gwajin lafiyarsa. Maganin da ciki ya saba da shi yana iya ƙona fatar farji, ko ya kashe bakteriyar kirki, ko ya lalata kwaroron roba.

Na biyu, tsami. Farjin mace mai lafiya yana da tsami, ma'auninsa tsakanin 4 da 4.5, kuma Candida ba ta canza wannan. Gwaje-gwajen da aka saba yi kuwa a ma'auni 7 ake yin su, inda babu tsami. An nuna cewa magunguna da dama, har da fluconazole, ƙarfinsu na raguwa a wuri mai tsami. Don haka sakamako na iya cewa magani zai yi aiki, jiki ya ce a'a.

Na uku, ɓera ba mace ba ce. Farjin ɓera ba shi da wannan tsami, Candida ba ta zama a cikinsa da kanta, sai an yi masa allurar istrojin kafin ciwon ya kama.

Na huɗu kuɗi ne, kuma shi ya fi ɓata rai. Gwaji kan ɗaruruwan mata yana cin dukiya. Tsohon maganin da kowa ke da izinin ƙerawa ba shi da mai shi, don haka ba kamfanin da zai zuba kuɗi a gwajin da abokan hamayyarsa za su ci ribarsa. Ciwon kuma ba ya kisa, sai masu raba kuɗin bincike su sa shi a ƙarshen layi. Haka magani mai araha da zai iya taimakon miliyoyi yake zama a takarda shekara da shekaru, ba a tabbatar ba, ba a kore ba.

Dole sai an kashe Candidar? Ba wata hanya?

Wannan tambaya ce ta canza alƙiblar bincike. An gano cewa yawancin azabar ba daga fangas ɗin kai tsaye take zuwa ba, daga martanin jiki ne. Idan Candida albicans ta zama zare tana fitar da wani dafi, wanda aka bayyana a 2016 aka sa masa suna candidalysin. Dafin yana huda fata, fata ta yi kururuwa, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa wurin. Abin mamaki, a farji ba sa iya cinye Candidar yadda suke yi a wasu sassan jiki. Sai su tsaya suna ta ɓarin wuta, wutar kuma ita ce ƙaiƙayi da raɗaɗi da kumburi. Shi ya sa wata ke ɗauke da Candida da yawa ba ta jin komai, wata kuma kaɗan ya hana ta barci.

Idan haka ne, maganin da zai kwantar da wannan tarzoma yana iya kawo sauƙi ko da bai kashe ƙwaya ɗaya ba. An gwada glibenclamide, tsohon maganin suga, a jikin ɓeraye, domin yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da ke kunna kumburin, kuma an ga kumburin ya ragu. A 2023 masu bincike ƙarƙashin jagorancin jami'ar Exeter ta Ingila suka nuna cewa idan Candida ta rasa sinadarin zink, tana fitar da wani furotin don farautarsa, kuma wannan furotin yana tayar da kumburi. Da aka ba ta zink kaɗan, sai ta daina fitar da shi. Suka gwada wani man farji mai zink kan mata shida masu ciwon mai dawowa, biyar ba su sake kamuwa ba cikin wata uku. Mata shida, kamar matan sertraline uku, mafari ne kawai. Amma tunanin da ke bayansa ya burge ni: tunda Candida 'yar gida ce, wataƙila a zauna da ita lafiya ya fi sauƙi a kan a kore ta. Kuma abin da ba ya kashe ta ba ya matsa mata ta koyi bijirewa.

Tunda magungunan nan suna kasuwa, zan iya gwadawa da kaina?

A'a. Sertraline yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a daina shi farat ɗaya. Glibenclamide yana iya faɗar da suga har mutum ya suma. Wasu magungunan rage kitse, idan suka haɗu da dangin fluconazole a jiki, suna taruwa a jini su lalata tsoka. Daka ƙwayar sha a cusa a gaba kuma ba shi ne abin da masu bincike ke yi ba. Su suna auna yawa, da tsami, da abin da aka kwaɓa maganin da shi. Shan ƙwayar zink ma ba daidai yake da man da aka gwada ba. Ko boric acid da ke cikin ƙa'ida, sai bayan gwaji ya nuna irin Candidar da ke akwai.

Ina da ciki. Wanne ya halatta gare ni?

Na cusawa daga dangin clotrimazole ko miconazole, na kwana bakwai. Ana kauce wa fluconazole na sha, musamman a farkon ciki. Boric acid da sababbin nan biyu da duk wani na gwaji, babu su a lissafinki.

Mijina ma sai ya sha magani?

Ba a lissafa wannan ciwo cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kuma ba miji magani bai nuna yana hana shi dawowa ba. Idan shi ma yana da ja ko ƙaiƙayi a kan gabansa, sai ya shafa man maganin fangas. Idan kuwa gwaji ya nuna wata ƙwaya ce daban, hukuncin na iya canzawa.

Nawa yana ta dawowa. Me zan nema a asibiti?

Ki je lokacin da alamun suke, ba bayan kin sha magani sun lafa ba, domin a lokacin ne gwaji zai kama wani abu. Ki nemi a ɗebi ruwan a duba a madubin likita, a auna tsaminsa, sannan a shuka shi, wato a raini ƙwayar a kwanon gwaji, don a san ko albicans ce ko wata. Idan kin sha fluconazole sau da yawa ba sauƙi, ki tambaya ko za a iya gwada ko Candidarki tana jin sa. A duba suga. Ki zo da sunayen duk abin da kike sha ko shafawa ko cusawa, har da wanda kika saya da kanki, da ranakun da ciwon ya zo a shekarar da kuma inda suka faɗo a zagayen al'adarki.

Idan an shuka sau biyu ba a ga Candida ba alhali ƙaiƙayin na nan, to a daina zuba maganin fangas, a duba fatar kanta. Akwai cututtukan fata da borin jini daga sabulu ko audugar mata ko ma man maganin kansa, waɗanda ke zuwa da irin wannan ƙaiƙayi, kuma maganinsu daban ne.